Ku tambaya a ba ku amsa: zuwa gidajen bayi na bakin tekun Gana a yini ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da kaka. Tunda aka fara shigar da amfani gida saƙonnin tafiye-tafiye suka ƙaru, to wannan karon na ware guda huɗu da suka zo a kan magana ɗaya, wato tsofaffin gine-ginen Turawa na bakin teku inda aka riƙa tsare bayi. Masu tambayar taki da kuɗin makaranta ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA, daga wani matashi a wani ƙauye gefen Ringim:

Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni manomi ne, bana alhamdulillah riɗi ya yi kyau na kai kasuwa na samu ɗan abin hannu, to yayana da yake zaune a Nima cikin Akra ya daɗe yana min magana in zo in ga inda yake, in sha Allah da an gama sussuka zan je in yi sati biyu. Shine kwanaki na ga wani bidiyo a waya, wani tsohon gini fari fat a bakin teku wai nan ake tara bayi a loda su a jirgin ruwa, wallahi tun ranar abun ya tsaya min a rai. Na yi wa Yaya maganar ya ce shi duk daɗewarsa a can bai taɓa zuwa ba, da nisa kuma asarar kuɗi ce kawai. Don Allah mutum zai iya zuwa ya dawo a ranar? kuma me da me zan tanada?

AMSA:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa noma albarka. Za ka iya sarai, kuma shawarata ka je, ka lallaɓa Yayan naka ku tafi tare, don wannan ba asarar kuɗi ba ce ko kaɗan. Ginin da ka gani da alama ɗaya ne cikin biyu, ko na Cape Coast ko na Elmina, duka farare ne duka a bakin ruwa suke, kuma tsakaninsu kaman kilomita 13 ne kawai, wanda ya je ɗaya bai kamata ya bar ɗayan ba.

Shirin tun daga gida yake farawa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza ya shiga Gana saboda yarjejeniyar ECOWAS, har kwana 90 zai iya yi, amma dole ka riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, sannan katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, kar ka bari sai ka je boda ka fara nemansa. In ta mota za ka bi, boda uku ce a gabanka bayan Legas, ta Seme, sai ta tsakanin Benin da Togo, sai Aflao inda za ka taka ƙasar Gana. Ranar zuwa gidan bayin ma takardunka su kasance a aljihu. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Kuɗinsu sidi ne, ka canza tun a Akra kuma ka nemi ƙananan canji na mota da ruwan sha.

Daga Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, awa uku in hanya ta yi daɗi, abin da yake cinye lokaci shine gosulon Kasoa, garin da ke bakin fita Akra ta yamma, in kuka makara a nan sai rana ta ɗaga kuna tsaye wuri ɗaya. Don haka kuna sallame Asuba ku nufi tashar Kaneshie, nan motocin Cape Coast suke lodi, ku shiga wadda ta kusa cika. Za ku wuce mararrabar Winneba ku wuce Mankessim, wajen tara zuwa goma kun isa an riga an buɗe. A ƙofa ake yankar tikiti, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, sai a haɗa ku rukuni da mai yi muku jagora, zagayen kaman awa ɗaya ne kuma da Turanci yake bayani, wannan ma wani dalili ne da ya sa nake so ku tafi da Yaya, in wata magana ta wuce ka ya juya maka.

Ku fara da Cape Coast. Turawan Suwidin ne suka fara kafa shi da katako a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka karɓe a 1664, su suka faɗaɗa shi, kuma daga nan suka riƙa gudanar da mulkinsu na wannan gaɓar har 1877 da suka mayar da hedikwata Akra. Daga tsakar gidan komai fes yake, farin fenti, igwa a jere bakinsu na kallon teku, iska na kaɗawa. Sai jagora ya ja ku wani gangare da ya yi ƙasa, kurkukun maza kenan. Kana sauka hasken rana zai yanke, sai wasu 'yan tagogi can sama kusa da rufi, iska ba ta motsi, nan take gumi zai keto maka. Ɗaki ɗaya bai fi ajin firamare ba, amma za ka ji jagora yana cewa ɗakunan nan sukan ɗauki maza kusan 1,000 a lokaci ɗaya, wasu su yi makonni wasu watanni suna jiran jirgi. Ka dubi ƙasan da kake takawa da kyau. Bulo aka shimfiɗa, amma a wasu wuraren ba za ka ga bulon ba sai wani baƙin daɓe mai tauri, to wannan ba siminti ba ne ƙanena, ƙazantar mutanen da aka tsare ce, bayan gida da fitsari da jini da ragowar abinci, shekara da shekaru suka taru suka daskare, a kai suke kwana a kai suke cin abinci. Kuma daidai saman wannan kurkukun Turawan suka yi ɗakin ibadarsu. Ni a nan ne zuciyata ta karye, mutane na addu'a a sama ƙasansu kuma 'yan Adam na mutuwa cikin sarƙa.

Daga nan za a kai ku ƙofar da ake fitar da su zuwa kwale-kwale, wadda in ka fita ba dawowa. Yanzu in an buɗe ta masunta za ka gani suna gyaran koma, yara na wasa. A bene akwai ɗakin tarihi da sarƙoƙi da taswira, kar ka tsallake shi. Shugaban Amurka Obama ma ya zo wannan gidan da iyalinsa a 2009.

Sai ku ɗauki tasi zuwa Elmina, wanda shine babba a shekaru. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kaga lokacin Muhammadu Rumfa na kan gadon sarautar Kano kenan, tsarar gidan sarki ne da kasuwar Kurmi, kuma shine ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Zinare ya kawo su da farko, daga baya cinikin mutane ya rinjayi na zinare. Turawan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a hannunsu a 1872. A nan abin da ba na mantawa shine tsakar gidan mata, akwai baranda a sama inda gwamna yake tsayawa a fito masa da mata ya nuna wadda yake so, a wanke ta a haura da ita ta wata matattakala, wadda ta ƙi kuma a ɗaure ƙafarta da dalmar igwa a bar ta a rana. Ƙofar fita teku ta Elmina tsukakkiya ce ƙwarai, mutum ɗaya ɗaya take ɗauka.

Za a yi maka tallan dajin Kakum mai gadar igiya a saman bishiyoyi, yana da kyau amma kar ka haɗa shi da wannan ranar, garin neman gira sai a rasa ido. Ƙarfe uku na rana ta yi muku a mota kuna komawa, don gosulon Kasoa na yamma ma yana nan yana jira.

TAMBAYA, daga wata uwa a karkarar Bebeji:

Malam ina wuni, ya ƙoƙari. Maigidana yana harkar goro yana yawan zuwa Gana, bana ya ce zai tafi da ni da yara biyu mu gaida danginsa a can kuma zai kai mu gidan bayin nan na bakin ruwa. To Inna surukata ta ce sam, wai wurin da aka kashe mutane da yawa ba ya rabuwa da iska kuma ta ji ana tsafi a ciki. Ni kuma ga shi ina so in gani ga shi ina tsoro, ƙaramin shekararsa 6 babbar 13. Me ka gani?

AMSA:

Lafiya lau Hajiya, a gaida Inna da kyau, kuma kar ki ga laifinta, kula ce ta sa ta faɗa. Maganar tsafi akwai ƙamshin gaskiya a ciki gara in faɗa miki tun yanzu kar ki je ki gani ki firgita. A can ƙuryar kurkukun maza na Cape Coast akwai wurin bautar gargajiya na mutanen garin, za ki ga kwalabe da ƙwarya, wani lokaci da mai kula da wurin a zaune, haka kuma za ki ga furanni da baƙaƙen Amurka da na sauran ƙasashe suke ajiyewa don tuna kakanninsu. Ba wanda zai ce ki durƙusa ko ki ba da wani abu, ki tsaya daga baya ki wuce abinki, kar kuma a yi musu tsaki ko nuni da baki, garinsu ne. Ki yi azkar ɗinki na safe ki tofa wa yara kaman yadda kika saba, shikenan. Musulmi da yawa suna shiga suna fitowa lafiya, kuma tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen na gaba ya kasance abu ne da addininmu ya kwaɗaitar. Ki faɗa wa Inna haka cikin ladabi, ko ma ki bar maigidan ya faɗa mata da bakinsa, ɗa da uwa sun fi kusa.

Babbar ki shiga da ita ko'ina, shekara 13 ta isa ta gane, kuma za ta yi tambayoyi a hanyar dawowa, ki amsa mata da gaskiya har maganar barandar gwamna daidai hankalinta. Ƙaramin kuwa ni ban ga amfanin a saka shi cikin duhun nan ba, wasu jagororin sukan kashe fitila na ɗan lokaci don mutane su ji yadda wurin yake, yaro zai iya tsorata ya riƙa firgita da dare. Ku yi karɓa-karɓa ke da babansa, ɗaya ya zauna da shi a sama wajen igwa. Mai asma ko mai tsohon ciki ma kar ta daɗe a ƙasa, zafi ne da rashin iska.

Abin da ya fi iska ba ni tsoro shine ruwan kansa. Hajiya ki riƙe hannun yaran nan gam. Tekun wannan gaɓar yana da ja, igiyar ruwa za ta zo kaman wasa ta daki ƙafa, in za ta koma sai ta kwashe yashin da mutum ke tsaye a kai ta tafi da shi, ko wanda ya iya iyo a rafi ko a dam ɗin Tiga kar ya gwada. A tsaya nesa a yi kallo a ɗau hoto.

Sallah ba matsala, akwai zango, wato unguwar Hausawa da baƙi Musulmi, da masallaci a Cape Coast wajen kasuwar Kotokuraba, kuma za ku samu masu jin Hausa. Nisan ya kai na ƙasaru, maigida ya tambayi malaminsa yadda za ku yi tun kafin ku tashi. Abinci ku nemi na matan zango, shinkafa da wake irin tasu da soyayyen kifi, ko ki soya wani abu daga masauki ki ƙunsa. Ruwan sha kuma ki ɗauka da yawa.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a yankin Gwaram:

Ranka ya daɗe, ina koyar da tarihi a ƙaramar sakandare ta ƙauyenmu. Ɗalibai sun tambaye ni wai mu Hausawa me ya haɗa mu da waɗannan gidajen, ai labarin mutanen kudu ne. Na ba su amsa amma ban gamsu da ita ba. Ka taimaka.

AMSA:

Malam Allah ya saka da alheri, wannan tambayar ita na fi so duk cikin saƙonnin. Ka ce wa yaran labarinmu ne, ta hanya fiye da ɗaya ma.

Ta farko fatauci. Shekaru aru-aru fataken Kano da Katsina suna ɗaure kaya a jakuna, madugu a gaba, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja sayen goro, babbar kasuwar kuwa ita ce Salaga a arewacin Gana ta yau. Suna kai baƙin rini da kanwa da fatu da dabbobi, kuma, wannan kar ka ɓoye musu, har da bayi. Salaga kasuwar goro ce kasuwar bayi ce. Ashanti, masarautar Kumasi, da suka fi ƙarfin Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18 sun riƙa karɓar haraji da mutane, wasu a riƙe su a Kumasi wasu a gangara da su bakin teku a sayar wa Bature. A kan wannan hanyar akwai Assin Manso, wani rafi da ake tsayawa a yi musu wankan ƙarshe kafin a kai su Cape Coast ko Elmina, har yau ana zuwa ganinsa. Bature shi ya kawo jirgi da bindiga da kasuwar da ba ta ƙoshi, amma ba shi yake shiga daji ya kamo ba, sarakuna da 'yan kasuwa baƙar fata ne suke kai masa, kuma mu nan gida an sayar da mutane a Kurmi, an zuba bayi a rinji suna noma. Yaro in ya ji rabin labari ya girma ya ji sauran a bakin wani, ba zai ƙara yarda da malaminsa ba.

Ta biyu, namu ma an tafi da su. Kusan mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa daga Afirka a tsawon wannan ciniki, sama da miliyan 1 daga gaɓar Gana. Hausawan da aka kama yawanci ba ta nan aka fitar da su ba, ta Legas da Badagiri da Wida ta ƙasar Benin aka bi da su, musamman lokacin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka kai da yawa Bahiya a Birazil. Can ma ba su kwanta ba, Hausawa sun shirya tawaye a 1807, sannan a 1835 cikin watan azumi bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, suka yi babban bore a birnin Salbado, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ka tsaya a nan ka bar yaran su yi tunani, almajiri ne kaman su da ya yi karatun allo, ya ƙare a gonar rake a wata duniya.

Ta uku aikin soja. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, daga baya gidajen suka koma bariki da ofis da kurkuku. A 1863 wani Bature Glover ya tara Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya yi rundunar da ita ce tushen sojan Najeriya, kuma an kai sojan Hausa yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wasunsu suka zauna can suka yi iyali. A Elmina ne Ingilishi suka tsare sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya bayan sun kama shi a 1896, daga nan Saliyo, daga nan tsibirin Seshels, bai dawo gida ba sai 1924. Ɗalibanka za su gane wannan da wuri in ka tuna musu Sarkin Kano Alu, da aka kama a 1903 aka kai Yola sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun.

In kana so ka rufe darasin da wanda suka san sunansa, ga Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya zauna a Akra yana saro goro yana turowa Legas ta jirgin ruwa tun kafin ya shahara da gyaɗa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gidajen nan cikin kayan tarihin duniya a 1979, hotunansu suna nan a intanet, ka sauke a waya ka zagaya da ita aji layi layi.

TAMBAYA, daga wani dattijo a gefen Wudil:

Ɗana, ni ina bin motar shanu zuwa Legas, Gana ta fi ƙarfin aljihuna. Babu irin wannan a ƙasarmu?

AMSA:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare hanya. Akwai, Badagiri, tana yamma da Legas a kan hanyar bodar Seme, ba fasfo ba canjin kuɗi. Ba za ka ga katafaren gini irin na Elmina ba, amma za ka ga ƙananan ɗakunan da wani mai cinikin bayi Seriki Abass ya riƙa tsare su, da sarƙoƙin wuya da na ƙafa na ainihi a ɗakunan tarihin garin, da tsohon benen 'yan mishan na 1845. Sannan a tsallaka da kai a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu ka taka da ƙafa cikin yashi har bakin teku inda jirage suke jira, kuma kaman yadda na faɗa wa Malam a sama, ta wannan gaɓar aka fi fitar da namu. In kun sauke shanu kun yi ciniki ka ware yini ɗaya, ka fita da sassafe saboda gosulon hanyar, ka tafi da ɗaya daga cikin yaran motar ya riƙe maka hanya, ka sa hula mai inuwa don tafiyar yashin akwai rana. Wajen tsallakawa kuma Baba ka ce a ba ka rigar ruwa ka ɗaura kafin kwale-kwalen ya tashi, in sun ce babu ka jira na gaba.